Katifar Yaye ta Goggo

Goggo ta rasu ranar wata Laraba cikin watan Agusta na shekarar 2008, jim kaɗan bayan sallar La'asar, a ɗakinta da ke ƙuryar gidanmu a Lafia. Mu huɗu ne a kanta: mahaifina, wanda yake ƙaninta, da matata, da ni, sai maƙwabciyarmu Maman 'Yan Biyu, wadda ta shigo da kwanon kunu ta tarar lokaci ya yi. Ana yayyafi. Mahaifina ne ya rufe mata ido. Ya ce, "Yaya ta tafi," ya yi salati, ya fita ya tsaya a tsakar gida ruwa yana taɓa shi, ba wanda ya iya ce masa ya shigo. An sallace ta, an kai ta makwancinta kafin Magariba.

Likitan da ya duba ta a kwanakinta na ƙarshe ya ce zuciya ce ta gaji. Ba ciwon ƙirjin da ta yi fama da shi tun ƙuruciya ne ya ɗauke ta ba. Na faɗi wannan tun da wuri domin na san da ita za a tambaya, shi za ta so a fara faɗa.

Zaman makoki ya tara mutanen da ban taɓa ganinsu a inuwa ɗaya ba. Akwai direban da ke bin hanyar Makurdi, akwai malamar makaranta daga Doma, akwai 'yan biyun maƙwabciyarmu da suka zo daga Abuja bayan an tashi coci ranar Lahadi. Kusan duk wanda bai kai arba'in ba, idan ya gama gaisuwa, sai ya ƙara da cewa, "Ni ma a ɗakinta aka yaye ni." Maman 'Yan Biyu ta zauna a bakin ƙofar ɗakin ta ƙi tashi, tana ta faɗa wa duk wanda ya wuce, "Mama ya tafi ya bar ni. Wa zan kawo ma kunu yanzu?"

Waɗanda suka daɗe ba su zo ba sun nemi su leƙa ɗakin. Suka leƙa, suka fito. Abin da suka gani shi ne gadon ƙarfe, an jera katako a kansa, an shimfiɗa tabarmar roba da wani tsohon ƙyalle mai ratsi. Ɗaya daga cikin 'yan biyun ya tambaye ni a hankali, "Yaya, ina katifar?" Daga baya matata ta gaya mini abin da ake faɗa a ɓangaren mata: wai ga ɗa yana aikin gwamnati, ana jin muryarsa a rediyo, amma ya bar tsohuwa tana kwana a kan katako har ta mutu.

Ban ba kowa amsa a ranar ba, domin ba ranar amsa ba ce. Amma bai kamata a tuna da Goggo a matsayin wadda aka yi wa sakaci ba. Katakon nan ita ta zaɓe shi, kuma labarin yadda ta zaɓe shi ne mafi girman abin da na sani game da ita.

Yayar mahaifina ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ta yi aure a Keana, wurin wani mai fataucin gishiri. Ta haihu sau biyu, ba wanda ya zauna. Da mijin ya rasu ta dawo gida da gadonta na ƙarfe da katifarta, ba ta sake aure ba. Katifar ta audugar rimi ce, mahaifiyarsu ce ta ɗinka mata da hannunta lokacin aure, kuma duk bayan wasu shekaru ana farke gefe a ƙara mata auduga, har ta yi tudu ta yi nauyin da sai mutum biyu ke ɗaga ta.

Ba ta da yawan magana. Idan ka kawo mata zancen da ba ta yarda da shi ba, ba ta musu, sai ta ce, "To, an ji," ta ci gaba da abin da take yi. Duk gidan mun san "an ji" ɗin Goggo ba amincewa ba ce. Mahaifina, da furfurarsa da jikokinsa, Auta take kiransa, ko a gaban baƙi. Ni kuwa tun da na fara aiki na zama "mai labarai". Ba ta cin miyar da ba gishirin Keana a ciki, takan ce na kanti ɗaci gare shi. Kuma ban taɓa ganin mai tsabta kamarta ba. Tana share ɗakinta safe da yamma. Kowace safiya tana kakkaɓe shimfiɗa da tafin hannu, ta ninke bargo, ta gyara matasan kai. Ƙuda ma ba ya daɗewa a ɗakin.

A gidanmu, da ma gidajen da ke kewaye da mu, ba a tambayar inda za a kai yaro yaye. Ɗakin Goggo ne. Ana kawo yaro da safe, uwar ta juya ba waiwaye, kuma ba ta sake bin wannan ɓangaren gidan sai Goggo ta aika. Goggo ta goya shi, ta ba shi kunu, ta murmushe masa dafaffiyar doya da manja. Idan yana kuka ba ta jijjiga shi, sai ta riƙa yi masa magana kamar babba: "Yi abinka, ina nan. Idan ka gama ka gaya mini." Da lokacin barci ya yi ta kwantar da shi tsakaninta da bango, ta lulluɓe shi da bargo, ta rufe taga ruf domin kada iskar damina ta shige shi. Wasu yaran sukan koma wurin iyayensu bayan mako biyu. Wasu sukan zauna shekaru. Allah bai bar mata nata ba, amma ba ta taɓa kwana ita kaɗai ba.

Ciwonta kuwa "sanyi" take ce masa, mu ma haka. Yana zuwa ne idan damina ta yi nisa, bango ya jiƙe, kaya suka fara warin danshi. Sai ka gan ta zaune a kan kifaffen turmi, ta dafa gwiwoyi, ta sunkuya, ƙirjinta yana kuka kamar ɗan kyanwa. Ba ta son a yi mata sannu a lokacin, domin amsawar ma numfashi take ci. Idan ya sake ta, ta koma ɗaki ta ƙara bargo.

Ina firamare aka kai ƙanina yaye. Shi ne wanda ya ƙi komawa ɗakin mahaifiyarmu, ita ma Goggo ba ta so ya koma ba. Ƙirjinsa ya fara irin wannan kukan a daminar farko. Aka ce sanyi ne, aka ƙara masa riga, aka ƙara toshe taga da tsumma. A damina ta uku, wata safiya, ya rasu a kafaɗar mahaifina kafin su kai asibiti. Aka ce kwana ya ƙare, kuma haka ne. Goggo ba ta sake ambaton sunansa ba.

Na dawo Lafia da aiki shekarar da aka ba mu jiha, na yi aure, matata 'yar Doma ce. Da aka haifa mana 'yar fari, mahaifina ya sa mata sunan yayarsa. Daga ranar ba wanda ke kiran sunan a gidan. Goggo takan ce "takwara", mu ma muka bi. 'Yar fari dama ba ta iyaye ba ce, akwai kunya, ko ɗaukarta a gaban manya matata ba ta yi. Saboda haka da lokacin yaye ya zo, a tsakiyar damina, ba a yi wata shawara ba.

A mako na biyu aka fara jin tari. Goggo ta ce sanyi ne, ta ƙara bargo.

Wata safiya ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, Goggo ta rufe ƙofa da taga tana kakkaɓe shimfiɗa kamar kullum, yarinyar tana zaune a ƙasa kusa da ita. Ina shirin fita aiki na ji Goggo ta ƙwala kira, abin da ban taɓa ji ba: "Mai labarai! Zo!" Na tarar da yarinyar a hannunta, ido a waje, fatar tsakanin haƙarƙarinta tana lotsawa duk jan numfashi, leɓɓanta sun fara duhu. Ba ta ma iya kuka. Matata ta shigo a guje, ta karɓe ta daga hannun Goggo ba sallama, ba neman izini, ta fita cikin ruwan ko mayafi babu. Maman 'Yan Biyu ce ta tsayar mana da mota.

A asibiti aka sa mata abin shaƙa a baki da hanci, aka yi mata allura. Kafin azahar numfashinta ya daidaita. Likitan matashi ne, mai natsuwa. Ya tambaye ni inda take kwana, da irin shimfiɗar, da ko akwai mai irin wannan ciwo a dangi. Na ce akwai mai sanyi. Ya ce, "Sunansa asma." Ya yi mini bayani: akwai wasu ƙananan ƙwari da ido ba ya ganinsu, suna zama cikin katifa da matashin kai da bargo, suna cin ɓurɓushin fatar da ke zuba daga jikin mutum, kuma ba abin da suke so kamar ɗumi da danshi. Ba sa cizo. Kashinsu ne ke tashi cikin ƙura a shaƙa. Yawancin mutane suna shaƙa ba abin da ke samunsu. Amma akwai waɗanda aka haife su da jikin da ba ya jure shi, hanyoyin numfashinsu su kumbura su tsuke, kuma wannan halin yana bin jini. Ya ce kada a mayar da ita kan wannan katifar.

Na kai saƙon yadda aka ba ni, ban rage ba ban ƙara ba. Goggo tana tsince shinkafa. Ta saurara har na gama.

"Ƙwari," ta ce. "A ɗakina."

"Ba irin waɗanda ake gani ba, Goggo."

"Kuɗin cizo kake nufi? Shiga ka ɗaga katifar. Idan ka samu ɗaya, ka kai gidan rediyonku ka faɗa wa duniya."

"Ba kuɗin cizo ba ne. Kuma ba ƙazanta ba ce. Ya ce ko a gidan..."

"Kai ma a kanta ka kwana. Ga ka nan da ƙaton kai, me ya same ka?"

Na ce ni ban ɗauko ciwon ba, takwara ce ta ɗauko.

"To, an ji," ta ce, ta ci gaba da tsintarta.

Matata ta riƙe yarinyar a ɗakinmu, a kan tabarma. Wannan ya zama abin magana. Mata suka ce 'yar Doma ba ta da kunya, ta ƙwace 'yar fari daga hannun tsohuwa. Daga nan zancen ya juya: wai dama ciwon daga wajensu ya zo, wai nononta ne, wai tana yi wa yarinya wanka da ruwan rijiya. Mahaifina ya kira ni zaure ya ce, "A gidan nan ba mu da wata asma. Yarinya ta sha ruwan sama ta yi mura. Ta warke, a mayar wa Yaya da 'yarta kafin Juma'a." Na ce likita ya hana. Ya ce, "Likita ne ya haife ka?"

Abin da ya fi damuna shi ne yarinyar kanta. Da ta samu ƙarfi, kullum sai ta tafi ƙofar Goggo ta tsaya tana bubbuga labule. Matata ta je ta ɗauko ta, ta koma. Goggo tana ciki tana ji. Ba ta fito ba, ba ta kuma ce a shigo da ita ba. Sai daga baya na lura da wannan: duk fushinta, ba ta ce a shigo da ita ba.

Ana gobe Juma'a ta aiko a kira ni. Na same ta ta yi shiri, ta yafa mayafinta na unguwa.

"Kai ni wurin yaron nan mai ganin abin da ido ba ya gani."

Likitan ya miƙe ya ba ta kujera, ya ce, "Sannu da zuwa, Mama." Ya buɗe wani littafi ya nuna mata hoton ƙwaron da aka ƙara masa girma. Ta duba, ta ce, "Wannan ai kaska ce." Ya ce danginsu ɗaya. Ya saurari ƙirjinta, ya daɗe yana saurare. Sannan ya tambaye ta yaran da suka kwana a katifar, su wa suka yi wannan tarin, su wa ba su yi ba.

Ta fara lissafo su a hankali, ɗaki ɗaki, gida gida. 'Yan biyun maƙwabciya: ko atishawa. 'Ya'yan mai gyaran keke na bayan gida: lafiya lau. Ɗan 'yar hayarmu, 'yar ƙabilar Tibi: shi har kifa fuska yake yi a matashi. Sannan ta shigo cikin gida. Ni, ba komai. Ƙanwata, duk damina hanci yana zuba, ido yana ƙaiƙayi. Ɗan wan mahaifina, tari har ya girma. Ta tsaya.

"Mahaifinki fa, Mama?" in ji likitan.

"Baba yakan kwana a zaune idan damina ta yi tsakiya."

Ta gyara mayafinta, ta dubi likitan, ba ta dube ni ba.

"Akwai wani yaro," ta ce. "Ƙanin wannan. Shekara uku yana kwana a bayana. Duk lokacin da ƙirjinsa ya tashi, ni nake ƙara masa bargo, ni nake toshe taga. Gaya mini gaskiya, ɗana. Katifata ce?"

Likitan ya rufe littafinsa. Ya ce ba zai iya sanin abin da ya faru da yaron da bai gani ba, shekaru masu yawa da suka wuce. Ya ce ciwon ƙirji iri-iri ne. Ya ce a wancan lokacin ba wanda ya gaya mata, kuma abin da ta yi shi kowace uwa za ta yi.

"Ban tambaye ka ko ina da laifi ba," ta ce. "Wannan tsakanina da Allah ne. Cewa na yi, zai yiwu?"

"Zai yiwu, Mama."

Ta gyaɗa kai. Ba ta ce "an ji" ba. Muka kamo hanyar gida.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, mahaifina ya shigo cikin gida ya tsaya a tsakiya ya ce a kawo yarinya a miƙa wa Yaya. Mata suna nan, yara suna nan. Matata ta fito da ita a hannu. Goggo ta fito daga ɗakinta.

"Auta, dakata."

"Yaya, ai magana ta ƙare."

"Ba ta ƙare ba. Ku da kuke cewa 'yar Doma ce ta kawo mana ciwo, ku buɗe kunne. Namu ne. Baba yana da shi. Ina da shi. Kai ma kana da shi, Auta."

"Ni? Subhanallahi. Yaushe?"

"Ɗakina yana jikin naka. Kana tsammanin ba na jin ka idan ruwa ya kwana yana zuba? Ni na goya ka, na san kukan ƙirjinka tun ba ka da haƙori."

Wata daga cikin matan ta kusa dariya, ta danne. Mahaifina ya rage murya, ya ce, "Yaya, ki yi wa Allah. Akwai 'yan mata a gidan nan. Idan aka ji a gari cewa muna da ciwo mai bin jini, wa zai zo nema?"

"Wanda Allah ya kawo. Gara su yi kwantai da rai." Ta juya wurin matata. "'Yar Doma, da ba ki fizge ta daga hannuna ba ranar nan, da yanzu zaman makoki muke yi. Allah ya yi miki albarka. Duk wadda ta sake cewa ba ki da kunya, ta zo ta faɗa a gabana."

Mahaifina ya juya ya fita. Ya yi kusan wata guda gaisuwa kawai ke haɗa su, kuma har ta rasu bai sake furta kalmar asma ba. Idan ƙirjinsa ya tashi sai ya ce mura ce, ya rufe ƙofa.

Washegari rana ta fito. Goggo ta sa aka fitar da katifar tsakar gida. Na ce a ƙone ta. Ta ce, "Ɗinkin Inna ba ya shiga wuta." Ta ɗauko reza za ta farke da kanta, sai Maman 'Yan Biyu ta karɓe daga hannunta.

"Mama, koma can nesa. Ni jinina ba ya tsoron su. Kai ma oga rediyo, matsa."

"Ki bi zaren a hankali, kada ki yaga mini."

"Na sani, Mama. Ai ni ma na kwana a kai lokacin da maigida ya kore ni."

"Ba korar ki ya yi ba, bakinki ne ya kore ki."

Haka suka yi ta yi, Goggo tana zaune can bakin rijiya da mayafi a hanci, maƙwabciya tana zare zaren da aka ɗinka tun kafin a haife ta. Audugar da ta fito ta ciki ta koma ruwan ƙasa, ta dunƙule. Aka ɗura a buhuna, na kai gonarmu ta hanyar Doma aka binne. Ƙyallen kuwa Goggo ta tafasa shi a tukunya, ta shanya, ta ninke. Barguna da matasan kai duk suka fita. Tsumman da ke toshe taga ita ta cire shi da hannunta.

Na sayo mata katifar soso sabuwa, na sa aka ɗinke ta cikin leda kamar yadda likita ya ce za a iya yi. Ta kwana ɗaya a kai. Da safe ta ce in zo in ɗauke kayana.

"Duk juyin da na yi sai ta yi ƙara, ga zufa. Ni ba kifin kasuwa ba ce da za a naɗe ni a leda."

"To Goggo, a cire ledar?"

"A cire, su dawo? Kawo katako."

Kafinta ya jera katako a kan gadon. Ta shimfiɗa tabarmar roba, ta ɗora ƙyallen katifar a kai. Duk ranar da rana ta fito, tabarma tana kan igiya, ƙyalle yana cikin ruwan zafi. Likita ya yarda, ya kuma ba yarinyar maganin shaƙa, ya koya wa matata da Goggo yadda ake ba ta. A makon ne takwara ta koma ɗakin, kuma ba ta sake fita ba sai ranar da aka fitar da Goggo.

Ba na so in ce abin ya zo mata da sauƙi. Ta haura saba'in a lokacin, kuma tana da ciwon ƙugu. Da safe sai ta daɗe zaune a bakin gado kafin ta iya miƙewa. Sau da yawa na sake kawo zancen katifa, ko ƙarama, ko ta ɓangarenta kaɗai. Amsar ba ta canzawa: "Takwara tana juyi cikin barci." Da yarinyar ta yi wayo, ita ma ta roƙe ta. Goggo ta ce, "Ke dai ja numfashinki, ki bar mini ƙuguna."

Kuma ba zan ce ciwon ya tafi ba. Ba ya tafiya. Yarinyar ta ci gaba da samun tashin ƙirji, musamman cikin damina, amma ba a sake ɗaukarta a guje ba. Goggo ma nata ya ragu, har aka yi daminar da ban gan ta a kan turmi ba. Na tambaye ta ko ta lura. Ta ce, "Na lura. Kada ka gaya wa yaron asibitin, kansa zai kumbura."

Yaye bai tsaya ba. An ci gaba da kawo mata yara, amma yanzu tana tsayar da uwa a bakin ƙofa ta yi mata tambayoyi: akwai mai tarin damina a gidanku? A gidan mijinki fa? Akwai mai kwana a zaune? Wasu suna jin haushi, su ce Goggo ta zama likita. Ba ta kula su. Idan 'yar gidanmu ta tashi aure, takan kira ta ɗaki ta gaya mata abin da ke jininta, da yadda za ta yi da shimfiɗar 'ya'yanta. Akwai manemin ƙanwata da danginsa suka ji labari suka janye. Mahaifina ya ce, "Kin gani ko, Yaya?" Ta ce, "Na gani. Allah ya raba ta da gidan da za a ce ita ta kawo." Ƙanwata ta auri wani bayan shekara ɗaya.

Sau ɗaya kawai ta sake taɓo zancen ƙanina. Watanni kaɗan kafin rasuwarta ne, da hantsi, ina taya ta ɗaura tabarma a igiya domin hannunta ya daina kaiwa. Ba tare da ta dube ni ba ta ce, "Da yanzu yana da 'ya'ya." Na ce Allah ya jiƙansa. Ta ce amin, ta ce in ja gefen can, ya karkace.

Wannan ita ce matar da aka gani a kan katako. Allah ya jiƙanta, ya yafe mata, ya sa ta huta, ya haɗa ta da 'ya'yan da ta haifa da wanda ta goya.

Takwara tana aji na ƙarshe a firamare yanzu, maganin shaƙarta yana cikin jakar makaranta. Matata ce ke karɓar yaran yaye.

Bayan sadakar arba'in, mahaifina ya kira ni zaure ya ce in kai shi asibiti. An saurari ƙirjinsa, an sa ya hura iska a wani bututu, aka ce asma ce. Bai yi musu ba. Tun daga ranar maganin shaƙarsa yana aljihun gaban rigarsa, kuma da shi yake zuwa masallaci.